Darasin Manomi: Buhun Farko Shi Ne Shaidarka

 

Darasinmu na wannan karo bisa saida albasa ne. Cikin watan Maris da na Afirilu albasa takan cika kasuwa, kuɗinta su faɗi. A Galmi da Tsarnawa buhuna jere suke bakin gudron. Mai saye ya taso daga Abijan, Akara, Kumasi ko Lome. Bai san ka ba, bai san gidanku ba. Mi zai sa ya tsaya wurinka, kuma baɗi ya sake nemanka? Ba babbar riga ba ce, ba rumfar kwano ba ce. Buhun farko da zai kwance ne. Gyaran wannan buhu kuwa ba ya cin kuɗi, aiki yake ci.

1. Ka san abin da mai saye yake tsoro

Albasarka za ta yi kwanaki cikin kamiyo, cikin zafi, buhu bisa buhu. Ruɓaɓɓiya guda tana ɓata waɗanda ke kewaye da ita. In an sauke kaya anka tarar da ruɓa, hasarar tasa ce, amma sunan da ya ɓaci naka ne da na garinku.

Ka san kuma ba kai kaɗai ke da albasa ba. A kasuwannin Abijan ana saida albasar Holan cikin buhun raga na kilo 25, girmanta ɗaya, busassa sarai. Irin nan namu na Galmi ma ana nomansa a Burkina, Mali da Senegal. Sunan Galmi zai kawo maka mai saye, amma kyan kaya ne zai riƙe shi.

2. Aikin yana farawa tun a garka

Kada ka zuba farin takin zamani, wato ure, bayan albasa ta fara ƙwarya sosai. Zai kumbura ta da ruwa, ta yi kyan gani, amma ba ta jimirin ajiya ko tafiya.

In ka ga lawashi ya fara kwanciya, ka tsaida ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Wanda ya ba albasa ruwa jiya ya cire yau don ta yi nauyi, ruɓa ya ɗinke cikin buhu.

Bayan cira, ka jera ta lawashin wannan ya rufe ƙwaryar waccan, don kada rana ta ƙone ta. Ka bar ta ƴan kwanaki har wuya ya bushe. Sa'an nan ka yanke lawashi, ka bar wuya kamar faɗin yatsa biyu. In ka yanke dab da ƙwarya, ka buɗe wa cuta ƙofa. Kada a jefa albasa, a aje ta. Wadda ta bugu ba ta nunawa ranar, sai a hanya.

3. Ka tance kashi uku

Shimfiɗa tabarma a inuwa, ka kira iyali. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana gefe guda. Ka fidda mai rauni, mai taushin wuya, tagwaye, da wadda ta fidda kan fure. Waɗannan ba hasara ba ce: a ci a gida, ko a kasa su a kasuwar gari.

A ce kana da buhu 20, tancewa ta rage maka guda. Ka saida 19 da za su isa lafiya ya fi ka saida 20 da za su kashe maka ciniki.

4. Bakin buhu da gindinsa su zama ɗaya

Nan ne da yawa daga cikinmu ke kuskure. A zuba ƙanana da masu rauni a ƙasa, a rufe baki da manya jajaye. Wanda ya daɗe cikin fataucin albasa ya san wannan dabara. Zai zaɓi buhun da ya ga dama, ya ce a zazzage. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kai ka riga shi. Ka ce masa: “Alhaji, zaɓi wanda kake so, a juye maka.” Wannan magana ba ta cin ko dala, amma ta fi rantsuwa goma.

Buhu ya zama busasshe, marar huji. Kada ka sa albasa cikin buhun leda na taki ko na siminti, ba ya shan iska. Babban buhun nan mai wuce kilo 100 da tuli bisa baki yana matse albasa, kuma tulin kyauta kake ba da shi. In mai saye ya yarda da buhun raga na kilo 25 ko 50, shi ya fi. Ka aza buhuna bisa itace ko kara, cikin inuwa. Ka rubuta sunanka da na garinku a jikin kowane.

5. Tarbon baƙo

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka share wurin, ka kwashe ɓawo da ruɓaɓɓu, gama hanci yana riga ido. Ka gaida baƙo, ka ba shi ruwa mai sanyi da wurin zama.

Tun kafin ya zo ka bincika yadda kasuwa ta kwana. Ka faɗi kuɗin da ke kusa da gaskiya. In da dillali tsakaninku, a yanke la'adarsa tun farko, gaban kowa. In kun shirya, a rubuta yawan buhu, kuɗi da ranar lodi. Ka ba shi lambar salularka. Ka ce Talata, to ya tarar da kaya ɗinke ran Talata. Kada ka yi alkawarin buhu 50 alhali 30 gare ka.

In kuɗin da ya taya bai yi maka ba, ku rabu da fara'a. Albasar da ta bushe da kyau tana iya jira cikin rudu har kasuwa ta tashi.

6. Ku haɗa kai

Mutum guda ba ya cika kamiyo. Ku manoman gari guda ku shirya bisa tancewa iri ɗaya da buhu iri ɗaya. Ku naɗa mutum biyu masu amana su duba kayan kowa kafin baƙo ya iso. Buhun mutum guda marar kyau yana iya korar mai saye daga gari duka.

Tambayoyin da za ku tattauna a taronku

Kwana nawa kuke tsaida ban ruwa kafin cira?
Masu sayen da sunka zo muku bara, nawa sunka komo bana? Waɗanda ba su komo ba, don mi?
Wa za ku ɗora wa duban buhuna a garinku?

Ku kai amsoshinku ga malamin gona na yankinku. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.