Kafin ki cike fom ɗin JAMB

'Yata, babanki ya zo mini rai a ɓace, wai kin ce fannin lafiyar ƙwaƙwalwa za ki karanta, yana gudun a riƙa ce miki likitar mahaukata. Na ce ya bar ni da ke. Ni ma na sha wannan suna lokacin da nake nas a ɗakin masu taɓin hankali, bai hana ni aure ba, bai kuma hana ni zuwa Makka ba.

Ki fara sanin ƙofar da za ki bi. In likita kike so, mai rubuta magani, shekara 6 ce a jami'a, sai horon asibiti da bautar ƙasa, sannan wasu shekarun na ƙwarewa. In saikoloji ne, wato ilimin halayyar ɗan Adam, shekara 4 ce, amma ba za a ba ki majinyaci ba sai kin ƙara digiri na biyu. Akwai kuma aikin walwalar jama'a, wanda mutane ke rainawa, alhali mai shi ne ke takawa har gida ya gano dalilin da ya sa aka sallami mutum garau, bayan wata biyu aka dawo da shi a ɗaure.

Duk wadda kika zaɓa, ki kiyayi kuskuren da na yi ina sabuwa. An kawo mana wata mai jego, ta daina magana, ta ƙi ba jaririnta nono, ga shatin igiya a wuyan hannunta. Surukarta ta ce mini iskokai ne, an yi ruƙiyya an yi hayaƙi. Na hau ta da faɗa, ina ji da takardata. Tsohuwar ba ta tanka ba. Washegari na tarar da gado wayam, sun tafi da yarinyar da asuba. Har yau abin yana cina. Da na ce, "Baba, a ci gaba da addu'a, ga kuma ƙwaya a haɗa," da wataƙila sun zauna.

Dakta Adeoye Lambo ya gane wannan tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, har da masu maganin gargajiya ya jawo jiki. Mutumin da ya yi karatu a Ingila ke nan fa.

Aiki kuwa yana nan. Ga asibitin Barnawa a Kaduna, ga Kware, ga Maiduguri, ga Dawanau a Kano, ban da matasan da tiramol da kodin suka lalata, da matan sansanonin gudun hijira da barci ya ƙaurace wa idonsu. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sai dai doka takarda ce, ba ta zama bakin gado. Albashin ma kada ki sa masa rai da yawa.

Wannan hutun ki shirya, zan raka ki asibiti ranar ganin likita. Ki zauna a bencin masu jira daga safe zuwa azahar, ki bar wayarki a jaka. In mun dawo sai mu kira babanki.