Yadda Ake Zaman Masu Hannun Jari Har Ƙuduri Ya Tabbata

A Gusau kamfanoni da yawa na gida ne. Mahaifi ya kafa injin gurzar auduga ko harkar sufuri, ya rasu, jari ya rabu tsakanin magada, wasu suna Tsafe, wasu Bunguɗu. Ranar zama kan riba ko canjin daraktoci ake gane sakataren da ya san aikinsa.

Sanarwa dai ta kwana 21 ce, kamar yadda Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanada. Wanda ba zai zo ba, tunda yanzu ba kowa ke bin hanyar Tsafe ba gaira ba dalili ba, sai ya aiko da takardar wakilci awa 48 kafin zama.

Bayan addu'a, sakatare zai ƙirga kawuna, har da wakilai. In dokar kamfanin ba ta ce wani abu daban ba, ana neman sulusin membobi ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta. In su shida ne ko ƙasa da haka, biyu sun wadatar. Awa ɗaya ta wuce ba a cika ba, a ɗage zuwa makon gaba. In kuwa membobi ne suka nemi zaman, ya watse ke nan.

Wajen ƙuri'a ake samun tangarɗa. A ɗaga hannu kowa ƙuri'arsa ɗaya, mai hannun jari goma daidai yake da mai dubu goma. Sai ƙanne su haɗa baki, ka ga hannu bakwai a sama, babban yaya mai jari mafi yawa shi kaɗai. Gwanin sakatare, irin tsofaffin nan masu rajistar da suka rubuta da hannunsu, ba ya gaggawar sa biro a takarda. Yakan ɗago kai ya dubi ɗakin tukuna, domin kafin shugaba ya faɗi sakamako, ko daidai lokacin da yake faɗi, mutum uku, ko masu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u, suna iya cewa a ƙirga da jari. Sai a buɗe rajista, kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya, reshe ya juye da mujiya. Wanda ya yi shiru sai a mota ya tuna, ya makara.

Ƙuduri na yau da kullum fiye da rabi yake buƙata. In aka yi kunnen doki, shugaba ya raba gardama. Canza suna ko rage jari kuwa sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, sannan a kai kwafi Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) cikin kwana 15.

Mai jari, ka karanta dokar kamfaninku tun a gida, kafin ranar zama.