Darasi: Kason 'Yan Mata a Makarantun Sakandare, Abin Koyi Daga Bangaladash

Idan ana son a san matsayin ilimin mata a wata ƙasa, masana sukan yi tambaya guda: cikin ɗalibai 100 na makarantar sakandare, nawa ne 'yan mata? Ana duban sakandare ne domin a nan kuɗin makaranta yake yin nauyi, a nan kuma masu neman aure suke fara sallama a ƙofar gida. A darasinmu na wannan wata za mu duba Bangaladash, maƙwabciyar Indiya, wadda ta sami 'yancin kai a 1971 cikin matsanancin talauci.

Yadda abin yake a da

A 1990 'yan mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal na ɗaliban sakandare a ƙasar. Manomi mai ƙaramar gona yakan yi lissafi: ɗa namiji zai riƙe gida, 'ya mace kuwa gidan wani za ta. Ga shi kuma a al'adar can iyayen amarya ne suke kai dukiya gidan ango, abin da ake nema kuwa yakan ƙaru idan yarinya ta daɗe a gida. Saboda haka aurar da ita da wuri ya fi wa uba sauƙi.

Abin da aka yi

A 1982 aka fara gwajin ba 'yan mata tallafin karatu a gundumar Chandpur. A 1994 gwamnati ta faɗaɗa shirin zuwa karkarar ƙasar duka, da taimakon Bankin Duniya, Bankin Raya Ƙasashen Asiya da gwamnatin Norway. Daga aji 6 zuwa aji 10, ana biyan kuɗin makarantar yarinya kai tsaye ga makaranta, a kuma zuba mata ɗan alawus a asusun banki da sunanta. Sharuɗɗan uku ne: ta halarci aji aƙalla kwana 75 cikin 100, ta ci maki 45 cikin 100 a jarrabawa, kada kuma a yi mata aure sai ta rubuta jarrabawar gama sakandare ko ta cika shekara 18.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Kuɗin kaɗan ne, amma ya sauya lissafin uba: zaman yarinya a aji ya daina zama asara. Ita ma ta riƙe littafin banki, abin da uwarta ba ta taɓa yi ba. Wasu abubuwa biyu sun taimaka. Ƙungiyar BRAC ta fara buɗe ƙananan makarantun ƙauye a 1985, yawancin ɗalibai da malamai mata ne. Masana'antun ɗinkin tufafi kuma sun yawaita, iyaye suka ga cewa mai karatu ta fi samun aiki. Zuwa farkon shekarun 2000, 'yan mata sun zarce rabin ɗaliban sakandare.

Abin da ya rage

Shiga makaranta daban, gamawa daban. Da yawa sun bar aji kafin jarrabawar ƙarshe. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF a 2019 ya nuna cewa kusan rabin mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Sharaɗin maki kuma ya fi kayar da 'ya'yan talakawa, waɗanda ba su da mai koya musu a gida. Daga 2008 aka fara karkata tallafin ga matalauta, maza da mata.

Darasin a gare mu

Rashin 'yan mata a aji lissafin mutane ne, abin da mutane suka lissafa kuwa suna iya gyarawa. Amma kada mu tsaya ga ƙirga masu shiga. Mu ƙirga masu fita da takardar shaida a hannu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Cikin 'yan matan unguwarku da suka gama firamare bara, nawa ne suke sakandare yau?
2. Idan kuɗi bai isa ba a gidanku, wa ake fara cirewa daga makaranta, kuma don me?
3. Me Zumuntar Mata da ƙungiyar maza za su iya yi domin yarinya guda ta kai ajin ƙarshe?

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu. Amin.