Hanyar da Jirgi Ya Bari

Garin Kance yana kan hanyar kwalta wadda ta taso daga Takeita ta nufi Matamaye. Manyan motoci suna bin ta dare da rana, suna zuwa Daura da Kano. Akwai kabu-kabu, akwai amalanke, akwai jakuna. Yaron da yake koyon keke, ko yake shirin tseren makaranta, ba shi da wuri a kan wannan hanya. In ya hau kwalta, mota tana bayansa. In ya sauka, rairayi ya riƙe ƙafar keken.

Wannan damuwa ba ta Kance ba ce kaɗai. A wasu ƙasashe mutane sun samo mata magani. Sun ɗauki tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, sun mai da ita hanyar masu gudu da masu keke.

Me ya sa hanyar jirgi?

Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce, kuma a kan ƙarfe take tafiya. Ƙarfe bisa ƙarfe yana da santsi. Saboda haka jirgi ba ya son hawa mai tsauri. Yawanci hanyarsa ba ta tashi fiye da mita 2 cikin kowace mita 100. Masu shimfiɗa ta sukan sare tudu, su cike kwari, su gina gada. Sau da yawa kuma sukan bi bakin kogi, domin ruwa ya riga kowa sanin inda ƙasa take kwance.

To, abin da jirgi yake so, shi ne mai keke yake so. Shi ne kuma mai gudu yake so. Hanya shimfiɗaɗɗiya ba ta cinye numfashi. Yaro yana iya bin ta, tsoho ma yana iyawa.

Idan jirgi ya daina bin hanya, sai a cire dogo da katakan da ke ƙarƙashinsa. A zuba tsakuwa ƙanana, a daddaɓe. A gyara gadoji, a sa musu shinge. Daga nan sai a hana motoci shiga.

A bakin kogin Misuri

A ƙasar Amurka akwai babban kogi mai suna Misuri. Da, wata hanyar jirgi tana bin gaɓarsa. A shekarar 1986 kogin ya yi ambaliya, ya ɓata dogon. Kamfanin jirgin bai gyara shi ba, ya bar hanyar. Tun 1983 akwai dokar da ta ce ana iya ajiye irin wannan hanya a hannun jama'a, kada a yayyanka ta a sayar. In wata rana an bukaci jirgi, filin yana nan.

Sai aka gyara hanyar, aka buɗe sashenta na farko a 1990. Ana kiran ta Katy. Yanzu tsawonta ya kai wajen kilomita 386. Mai keke yana tafiya, kogi a hannu ɗaya, dogayen duwatsu farare a ɗaya hannun. Itatuwa suna yi masa inuwa. Garuruwan da jirgi ya bari sun sami sabbin baƙi. Masu abinci da masu gyaran keke sun sami ciniki.

A Faransa ma haka aka yi. A 1997 aka buɗe irin wannan hanya tsakanin garin Givry da garin Cluny, mai tsawon kilomita 44. Da faransanci ana ce mata voie verte, wato koriyar hanya.

Hanyoyin jirgi na kusa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1914 wata ƙaramar hanya ta haɗa Zariya da Jos, don ɗauko kuza. An rufe ta a 1957. A Nijar an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kilomita 143. A 2021 kuma aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Daura da Katsina.

Kance ba ta da tsohuwar hanyar jirgi. Amma ƙasar Matamaye tana da ƙorama da fadamu. Tana da garake na rake da kayan miya. Tana da gawo da giginya da goruba. A gefen garake akwai turbobi da manoma suka daɗe suna bi. Ƙasar wurin tana da ɗan tauri, ba ta da tudu, kuma babbar mota ba ta zuwa. Ke nan abu uku da suka sa hanyar Katy ta yi kyau suna nan kusa: shimfiɗa, inuwa da rashin mota.

Yadda ake bin turba

Turbar garka ba ta yara ba ce su kaɗai. Kafin ƴan makaranta su mai da ita wurin gudu, sai malam ya nemi izinin mai gari da masu garake. Bayan haka akwai ƙa'idodi.

Ana gudu da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. Ana shan ruwa kafin a tashi da bayan an dawo. Mai koyo yana farawa da kaɗan: ya yi gudu, ya yi tafiya, ya sake gudu. Mai keke yana duba birki da iskar taya. Yana riƙe hannun dama, yana buga ƙararrawa kafin ya wuce mutum. In ya gamu da mace mai tulu, ko tsoho, ko garken awaki, shi ne zai tsaya. Ba a taka shuka, ba a karya rake. Da damina, in ruwa ya ci turba, sai a jira ya janye.

Yaron da ya kiyaye waɗannan zai ƙara ƙarfin zuciya da na huhu, kuma zai koma gida lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri?
2. Don me masu shimfiɗa dogo suke bin bakin kogi?
3. Me ya faru a bakin kogin Misuri a 1986?
4. Ku faɗi ƙa'idodi uku na mai keke a kan turba.

Lissafi

Mai keke yana yin kilomita 11 cikin awa ɗaya. Awa nawa zai yi daga Givry zuwa Cluny?

Aiki

Ku zana taswirar hanyar da kuke bi daga gida zuwa makaranta. Ku sa jan alama inda motoci suke wucewa, ku sa koren alama inda akwai inuwa. Ku rubuta sunayen itatuwan da ke kan hanyar da hausa da faransanci.