Yadda Ake Tsare Kayayyaki Masu Daraja a Cikin Mota Mai Ɗaki

Mota mai ɗaki ita ce babbar motar da aka shirya wa makwanci da madafa da makewayi a cikinta, domin matafiyi ya kwana ya tashi a duk inda ya yada zango, kuma ta yawaita a Jamus da Faransa da Ingila da Amurka. A Turai akasarinsu ana gina su ne a kan motocin ɗaukar kaya irin su Fiat Ducato da Ford Transit da Mercedes Sprinter, kuma da yake lasin tuƙin ƙaramar mota na yanzu bai ba direba damar tuƙa abin da ya wuce kilo 3,500 ba, masu ƙira suna rage nauyi ta kowace fuska. Bangon ɗakin falle ne na alminiyam ko roba mai tauri da aka sa wa soso a tsakiya, tagoginsa na roba ne da ƙananan mariƙai, makullan akwatunan waje kuwa sukudireba kan isa ta ɓalle su. Saboda haka hana ɓarawo shiga kwata-kwata ba abu ne da za a dogara da shi ba; abin da mai mota zai iya shi ne ya ɓata wa ɓarawon lokaci, ya kuma tabbatar cewa abin da hannunsa zai kai gare shi cikin 'yan mintoci ba shi ne zai tsayar da tafiyar ba.

Matakin farko ana yin sa ne a gida, kafin a tayar da mota, wato rarraba kayan gida uku. Akwai waɗanda babu dalilin tafiya da su, kamar sarƙoƙin gwal da takardun gida, waɗannan a bar su. Akwai waɗanda ba sa rabuwa da jikin mutum idan ya fita, wato fasfo da lasin tuƙi da katin banki da waya da makullin motar. Kashi na uku, wanda ya haɗa da kwamfutar tafi-da-gidanka da kyamara da kuɗin ko-ta-kwana da katin banki na biyu, shi kaɗai ne ake nema wa ma'ajiya a cikin motar. A wannan zaman ne kuma ake ɗaukar hoton kowane kaya da rasitinsa, a rubuta lambar da kamfani ya buga masa, a adana kwafin a intanet da kuma wurin wani amintacce. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, motar ita ma tana da tata mai haruffa da alƙaluma 17, kuma 'yan sanda da kamfanin inshora za su nemi waɗannan lambobi.

Mataki na biyu shi ne kafa akwatin ƙarfe, wanda ake kira sef, kuma a nan ne ya kamata a fi kashe kuɗi da tunani. Ƙananan akwatunan ajiya a Turai suna da ma'aunin inganci mai suna EN 14450, mai daraja biyu, S1 da S2, ta biyun ta fi jure wa duka da ɓanɓara, don haka ya dace mai saye ya duba wannan shaida maimakon ya ruɗu da kaurin ƙofa. Sai dai ingancin akwatin ba shi da amfani idan an ɗaure shi a jikin katakon kabad, domin katakon waɗannan motoci marar nauyi ne, ɓarawo zai tumɓuke akwatin ɗungurungum ya tafi da shi ya buɗe a tsanake. Wuri mafi dacewa shi ne gindin kujerar direba ko ta fasinja, tunda gindin na ƙarfe ne kuma a ɗaure yake da ƙarfen motar, har ma ana sayar da akwatunan da aka ƙera daidai da wannan gurbi, in dai batir ko wayoyin lantarki ba su riga sun cike shi ba. Idan kuwa a daɓen ɗakin za a kafa shi, sai a huda daɓen a zura notuna su fita ta ƙasa, a tare su da faffaɗan farantin ƙarfe, a kuma toshe ramukan da abin hana ruwa shiga. Kafin a huda komai wajibi ne a leƙa ƙarƙashin motar a san inda bututun gas da wayoyin lantarki da tankin ruwa suke, a kuma tambayi dillali, domin huda jikin mota na iya soke garantinta, a motar haya kuwa ba a yin sa sam. Akwati mai makulli ya fi mai lambobin lantarki kwanciyar hankali a doguwar tafiya, tunda batirin na biyun kan mutu, amma makullin ba ya kwana a cikin motar idan mai ita ya fita.

Wanda ba shi da halin kafa akwati sai ya nemi maɓoya, ya kuma guji wuraren da kowa ya sani, wato ƙarƙashin katifa da aljihun gaban mota da kabad ɗin tufafi, domin su ɓarawo ke fara birkicewa. A raba kuɗin wuri biyu ko uku, a nisanta kayan lantarki daga murhu da na'urar ɗumama ɗaki, a kuma kashe kayan lantarkin gaba ɗaya, domin na'urar da aka bari a kunne tana iya aika siginar Bluetooth da ke nuna cewa tana ciki.

Mataki na uku ya shafi ƙofofi da tagogi. Ana ƙara wa ƙofar ɗakin makulli na biyu, irin waɗanda kamfanonin Fiamma da Thule ke yi, a sa wa ƙofofin gaba makullai na ciki ko a haɗe su da ɗamara mai ƙarfi da daddare, a kuma ƙarfafa mariƙan tagogi. Akwai sharaɗi guda da ba a sassautawa: duk abin da aka kulle alhali mutane suna barci a ciki, dole ya zama ana iya buɗe shi nan take a cikin duhu, domin motar tana ɗauke da tukunyar gas, kuma gobara ta fi sata muni.

Daga nan sai jiniya da na'urar bin diddigi, wadda ke nuna inda motar take ta tauraron ɗan'adam idan an sace ta. A Ingila cibiyar Thatcham ce ke tantance irin waɗannan na'urori, kuma kamfanonin inshora sukan sharɗanta mai daraja S5 ko S7 ga motoci masu tsada. Makullin sitiyari yana da arha kuma ana hango shi daga waje, wanda hakan kansa kan sa ɓarawo ya wuce. Makullin zamani da ke buɗe mota ba tare da an zura shi ba kuwa ana ajiye shi a jakar da ke toshe sigina, domin ɓarayi suna da na'urar da ke janyo siginar daga nesa. Labarin da ya yaɗu cewa ana fesa wa masu barci iskar sa maye bai kamata ya ɗauke hankali ba, domin ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta bayyana cewa yin hakan a irin wannan mota ba abu ne mai yiwuwa ba. Gajiyar tuƙi da tagar da aka bari a buɗe sun isa su bayyana yawancin satar dare.

Zaɓen masauki ya fi duk waɗannan na'urori tasiri. Wuraren hutawa na manyan titunan kudancin Faransa da gaɓar tekun Sifaniya sun yi ƙaurin suna wajen satar dare, don haka ya fi a kwana a sansanin matafiya mai ƙofa da masu kula, ko a filin da hukumar gari ta keɓe wa irin waɗannan motoci. A wuraren yawon buɗe ido da manyan kantuna, inda ake barin mota na sa'o'i, a tsaya inda jama'a ke kai-komo, a kawar da jaka da wayar caji daga inda ido zai gani, kuma a yi ɓoyon kayan tun kafin a iso, ba a gaban masu kallo ba.

Idan duk da haka an fasa motar, kada a taɓa komai sai an ɗauki hoton ƙofar ko tagar da aka ɓalle, domin kamfanonin inshora da yawa ba sa biya sai da shaidar cewa da ƙarfi aka shiga, kuma sukan iyakance abin da za su biya a kan kaya guda, abin da ya kamata a karanta a takardar yarjejeniya tun kafin tafiya. A toshe katunan banki, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takardar shaida, wadda ofishin jakadanci kan nema idan fasfo ya salwanta. Lambar kiran gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, a Amurka kuwa 911.