Sifa da aikatau cikin Ingilishi: wa ke yin aikin?

Yara, kun san sifa cikin Hausa: babba, ƙarami, fari, sabo. Kun san ta cikin Faransanci: grand, petit, facile, content. Yau za mu duba yadda Ingilishi ke haɗa sifa da aikatau.

Ingilishi ba baƙo ba ne gare mu. Wanda ya tashi daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa, da ya ƙetare iyaka ya isa Jibiya, zai gan shi bisa allunan hanya da kwalayen magani. Haka ma mai zuwa Kano daga Damagaram, ko mai zuwa Sakkwato daga Ƙwanni. A shekarar 2025 kuma, dokar ƙasarmu ta sa Hausa harshen ƙasa, ta sa Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

1. Mu karanta

I am happy to see you. Ina murnar ganinka.
She is afraid to cross the river. Tana tsoron ƙetare gulbi.
We are ready to go. Mun shirya tafiya.
This book is easy to read. Littafin nan yana da sauƙin karantawa.
This well is hard to dig. Rijiyar nan tana da wuyar gina.
This water is good to drink. Ruwan nan mai kyau ne, ana shan shi.

2. Mu lura

Cikin kowace jimla akwai sifa: happy, afraid, ready, easy, hard, good. Bayan sifar akwai ƴar ƙaramar kalma, to. Bayanta sai aikatau: see, cross, go, read, dig, drink. Wannan aikatau ba ya sakewa. Ko mutum ɗaya ne ko goma, ko jiya ko gobe, yana nan yadda yake. Shi ne kuke kira infinitif a darasin Faransanci.

Hausa tana yin wannan aiki da sunan aiki: murnar gani, tsoron ƙetarewa, sauƙin karantawa. Faransanci yana sa de wani lokaci, content de te voir, wani lokaci kuma à, facile à lire. A nan Ingilishi ya yi mana sauƙi: to ce kaɗai.

3. Wa ke yin aikin?

Jimlolin shida kamarsu ɗaya, amma gida biyu ne.

Ku sake karanta uku na farko. Wa ke gani? Ni. Wa zai ƙetare gulbi? Ita. Su wa za su tafi? Mu. Wanda aka ambata a farkon jimla, shi ke yin aikin. Sifofin wannan gida suna faɗin abin da ke cikin zuciyar mutum: happy, glad, sorry, afraid, willing.

Yanzu ku karanta uku na ƙarshe. Littafi yana karatu? A'a, karanta shi ake yi. Rijiya tana gina? A'a, gina ta ake yi. Ruwa yana sha? A'a, shan shi ake yi. Abin da aka ambata a farkon jimla, a kansa aikin ke faɗawa. Sifofin wannan gida suna auna aikin: easy, hard, difficult, safe, dangerous.

Akwai sifa ɗaya mai ƙafa biyu, ita ce ready. Ku duba: The chicken is ready to eat. Idan kaza tana tsakar gida tana jiran a watsa mata hatsi, ita za ta ci. Idan tana cikin tukunya ta dahu, mu za mu ci. Jimla ɗaya, ma'ana biyu. Sai an san inda kazar take kafin a san mai cin.

4. Tarko biyu

Na farko: kada ku ƙara it a ƙarshen jimlar gida na biyu. Ba a cewa This book is easy to read it. An riga an ambaci littafin, ba a maimaita shi. Faransanci ma haka yake yi: ce livre est facile à lire.

Na biyu ya fi hatsari. Yaro yana son ya ce yana shan wuya wajen ganewa, sai ya ce: I am difficult to understand. Ga abin da ya faɗa: ni mutum ne mai wuyar ganewa! Domin difficult ɗan gida na biyu ne, aikin ya faɗa kansa. Abin da ya kamata ya ce shi ne: It is difficult for me to understand. Ya fara da it is, ya sa sifa, ya nuna kansa da for me, sannan to da aikatau.

5. Too da enough

The tea is too hot to drink. Shayin ya yi zafi ƙwarai, ba ya shawuwa.
The sack is too heavy to carry. Buhun ya cika nauyi, ba ya ɗaukuwa.
The donkey is strong enough to carry it. Jakin yana da ƙarfin ɗaukarsa.

Ku nemi not cikin jimloli biyu na farko. Babu. Amma ma'anarsu a'a ce. Too tana nufin abu ya wuce kima har aikin ba ya yiwuwa. Enough kuwa tana nufin ya isa, aikin zai yiwu. Too tana zuwa kafin sifa, enough tana zuwa bayanta.

Wannan ba abin wasa ba ne. A ce likita a Katsina ya dubi ƙanenku ya ce: He is too young to take this medicine. Wanda ya kama take da medicine kawai zai ce a ba yaro magani. Alhali likita cewa ya yi yaron bai isa shan sa ba, kada a ba shi. Mai fassara da ya manta da too ya sa rai cikin hatsari.

Abin riƙewa

Sifa, sannan to, sannan aikatau wanda ba ya sakewa. Kafin ku fassara, ku tambayi kanku: wa ke yin aikin? Idan kun ga too, aikin ba zai yiwu ba. Idan kun ga enough, zai yiwu.

Aiki

A. Ku kwafe cikin kaye. Ku faɗi ko abin da aka ja farko shi ke yin aikin, ko a kansa aikin ya faɗa.
1. The farmer is glad to see the rain.
2. Millet is easy to store.
3. This road is dangerous to cross.
4. My sister is sorry to leave.

B. Ku cika da too ko enough.
1. The baby is ...... small to walk.
2. The rope is long ...... to reach the water.

C. Ku maida Ingilishi.
1. Hausa tana da sauƙin karantawa.
2. Muna murnar zuwa makaranta.
3. Tuwon ya yi zafi, ba ya ciwuwa.

D. Ku zana hoto biyu na wannan jimla: The goat is ready to eat. Ku rubuta ma'anar kowane da Hausa a ƙarƙashinsa.