Darasin Lafiya: Yadda A Ke Auna Ciwon Gwiwa

A Magama, bakin iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina ta ke ƙetarewa zuwa Maraɗi, akwai 'yan dako da yawa waɗanda gwiwa ce jarinsu. Sa'ad da ta soma ciwo su kan ce sanyi ne, su sayi ƙwaya a tasha, su koma ƙarƙashin buhu. Ya kamata mu san yadda a ke gane ƙaramin ciwo da babba, gama ranar da gwiwa ta ƙi, abincin gida ya tsaya.

A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi. Tsufa, da ƙiba, da tsohon rauni, da yawan tsugunno da kaya, su kan cinye shi kaɗan kaɗan. Wannan shi ne amosanin gwiwa. Ya fi kama wanda ya kai shekara 45. Ciwon ya kan tashi da aiki, ya kwanta da hutu. In gwiwa ta sage da safe, ba ta kan wuce minti 30 ba ta sake.

A shekara ta 1957 waɗansu likitoci biyu na Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara ma'auni na hoton ƙashi, daga 0 zuwa 4. A mataki na 2 an ga ƙashi ya yi tsiro a gefe. A na 3 tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ragu sarai. A na 4 ta kusa ƙarewa, bakin ƙashi kuma ya lalace. Hoton ya fi faɗin gaskiya in an ɗauke shi mutum yana tsaye.

Amma kada mu ba hoto girman da ya wuce nasa. Akwai mai mataki na 3 da ke noma gonarsa, akwai kuma mai na 2 da ba ya barci. Domin wannan likita ya kan tambaya: Tafiya nawa ka ke yi kafin ka nemi wurin zama? Kana iya tsugunawa a bayan gida ka tashi ba tare da dafa bango ba? Ciwon yana tashe ka da dare? A ganinmu waɗannan amsoshi sun fi hoto nauyi. Ko a gida za mu iya gwadawa: a zauna a kujera, a naɗe hannu a ƙirji, a ƙidaya sau nawa a ke tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. A rubuta, a sake bayan wata uku.

Mai ƙaramin ciwo, maganinsa motsa ƙafa domin cinya ta yi ƙarfi, da rage ƙiba, da sanda. Wanda ciwon ya hana shi barci, ko ƙafarsa ta soma gwamewa, ya nemi likitan ƙashi a Katsina, ko asibitin Dala a Kano. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya kuwa, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan wata cuta ce dabam. A kai shi asibiti ran nan.